Ba a sayar da farin ciki a kwalba

Abin da aka yi wa wata baiwar Allah a taron addu'ar kwana na daren Juma'a abin kunya ne, kuma duk mai kare shi ya ji tsoron Allah. Mace ta rasa jarinta, ta zo gidan Ubangiji tana hawaye, sai a tsayar da ita gaban jama'a a ce baƙin cikinta rashin bangaskiya ne, a ɗaga kwalbar mai a ce ta kawo sidi 300, kuɗin Ghana, a shafa mata farin ciki. Kun ga bidiyon. Kun ga yadda take kwance bakin zane tana ƙirga 'yan canjin da suka rage mata, hannunta na rawa. Wannan ciniki ne, kuma an yi shi da sunan Yesu.

'Yan'uwa, farin cikin Kirista ba ya da farashi. A Ayyukan Manzanni sura 8, wani mai suna Siman ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi kyautar Allah, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi. A Matiyu 10:8 Ubangiji ya ce kyauta muka samu, kyauta za mu bayar. Galatiyawa 5:22 ta sa farin ciki cikin abin da Ruhu yake haifarwa a rayuwar mutum, tare da ƙauna da salama da haƙuri. Wa ya taɓa ganin an ɗura haƙuri a kwalba?

Masu ce mini ai Yakubu 5:14 ta yi maganar shafa mai, na ji ku. Ku koma ku karanta. Ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai. Ku nuna mini inda aka rubuta kuɗin. Masu jefo mini "kada ku taɓa shafaffuna" kuwa, Zabura 105, inda ayar take, tana magana ne a kan yadda Allah ya tsare su Ibrahim lokacin da suke baƙi a ƙasashen mutane. Ba ta hana kowa tambayar mai wa'azi ba. Mutanen Biriya sun riƙa auna maganar Bulus kansa da Nassi kowace rana, aka kuma yaba musu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙaryar da ke ƙarƙashin cinikin, wai mai bi na gaske ba ya baƙin ciki. Yesu ya yi kuka a kabarin Li'azaru. A Getsamani ya ce ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, kuma tana nan cikin Littafi Mai Tsarki, ba wanda ya cire ta. Wasiƙar da ta fi kowacce maimaita a yi farin ciki, wato Filibiyawa, a tsare Bulus ya rubuta ta. Habakkuk 3:17-18 ta lissafa ɓaure da bai yi toho ba, gonar da ba ta ba da abinci ba, garken da ba dabba, sannan annabin ya ce duk da haka zai yi murna da Ubangiji. Wanda shagonsa ya ƙone a kasuwar Adum da ke Kumasi a watan Maris na 2025, da wanda kuɗinsa suka maƙale a kamfanin hada-hadar zinariya na Menzgold tun 2018, wannan ayar tasu ce. Ba ta yi musu alkawarin kayan za su dawo gobe ba. Ta nuna musu inda za su tsaya ko kayan ba su dawo ba.

To, ta yaya ake samun wanda yake daɗewa? Da abubuwan da ba a biya ko kobo. Ka ware minti 15 da safe kafin ka taɓa waya. Filibiyawa sura 4 ce kawai, aya 104, ana gama ta a zama ɗaya. Ka karanta ta da murya kowace safiya har mako guda, sannan ka koma Zabura: guda biyar a rana, cikin kwana 30 ka gama duka 150. Inda mutane suke faɗuwa shi ne ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. Mutum ya dawo daga dutsen Atwea, inda ake hawa yin addu'a, da zafinsa, ya yi alkawarin addu'ar awa biyu kullum da ƙarfe uku na dare, alhali ƙarfe biyar yake fita kasuwar Kejetia. Kafin sati ya zagayo barci ya kayar da shi, sai ya ɗauka Allah ya yi fushi da shi, ya daina gaba ɗaya. Kaɗan da kake yi kullum ya fi mai yawa da za ka yar. Haka masu tsallake Zaburar kuka su zaɓi ayoyin albarka kaɗai: ranar da masifa ta zo ba su da kalmar da za su yi wa Allah magana da ita.

A addu'a ka bi tsarin Filibiyawa 4:6, roƙo tare da godiya. Ka ambaci abu uku da sunansu, na jiya, waɗanda ka gani da idonka: yaron da zazzaɓi ya sake, mai bashin da ya ƙara maka mako, kokon da aka sha aka ƙoshi. Godiya ta gaba ɗaya ba ta kama zuciya.

Sai gaba. Matiyu 5:23-24 ta ce ka bar baikonka gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Mutum yana shekara ba ya gaisawa da maƙwabcin da suke ɗiban ruwa a famfo ɗaya, sannan yana mamakin me ya sa waƙar Lahadi ba ta kai shi Talata. Babu man da zai wanke wannan. Ka je ka yi sallama a ƙofarsa.

Kada kuma ka ci bashin MoMo, wato kuɗin waya, don ka "shuka iri", wato ka ba da kuɗi a coci da fatan Allah ya ninka maka. 2 Korintiyawa 8:12 ta ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi. Bashin yana zuwa da ruwa da wa'adi, kuma damuwarsa ce za ta hana ka barcin da kake nema. In kana da sidi 20 na bayarwa, akwai gwauruwa a layinku da kuɗin katin inshorar lafiyarta ya gagare ta.

Iyayenmu fastoci da dattawa, don Allah ku riƙa gaya wa mutane wannan: wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci, ba ya cin abinci, ba abin da yake masa daɗi, ko yana maganar kashe kansa, ciwo ne ya kama shi. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, akwai sashen masu wannan lalura a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi. Ghana tana da dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012. Ɗaure shi a sansanin addu'a ko sa shi azumin dole zalunci ne, balle mai ciwon suga ko gyambon ciki.

Tun da maganar taron kwana ta taso, a rage ƙarar lasifika. A unguwannin Aboabo da Asawase katanga ɗaya ce tsakaninmu da 'yan'uwanmu Musulmi, da asuba suke tashi, akwai jarirai da tsofaffi a gidajen. Mutum arba'in a ɗaki ba sa bukatar lasifika huɗu. Ku juya su ciki, bayan ƙarfe goma ku kashe na waje.