Ba Tiyata Ce Ke Yaɗa Ciwon Daji Ba

Bayan rasuwar wata malamar Islamiyya a Zariya sanadiyyar ciwon dajin mama, Allah ya jiƙanta, an yi ta cewa da ba a taɓa ta da wuƙa ba, da cutar ba ta bazu ba. Zancen yana damuna, ko da yake masu faɗa sun ga rasuwar ta biyo bayan aikin ne. Gaskiyar ita ce, cutar takan bi jini ta kai huhu, hanta ko ƙashi tun kafin a je asibiti. Mace takan ji ƙullutu marar zafi, ta shekara tana shafa magani, ba za a kai ta asibitin koyarwa na Shika ba sai hammatarta ta kumbura, alhali cire shi yana ƙarami ya fi ba da damar warkewa.