Alhaji da Injin Tur

HAJIYA: Alhaji, wannan ƙarfen da masu amalanke suka jibge mana a zaure da hantsi, shi ne ya cinye kuɗin rufin ɗakin girkin da ka yi mini alkawari tun daminar bara?

ALHAJI: Hajiya, ki riƙa tauna magana kafin ki furta ta. Sunansa tur, injin da ke juya itace ko ƙarfe ana sassaƙa shi, kuma masana suna yi masa kirari da uwar injuna, domin a kansa ake ƙera sassan sauran injuna. Wani Baturen Ingila mai suna Henry Maudslay ya yi suna da shi wajen shekarar 1800, ni kuwa na samo nawa a kasuwar Katako ta nan Yamai a kan jika 300 kacal.

HAJIYA: To, tir da tur. Shi Baturen, matarsa a ƙarƙashin ruwan sama take tuƙa tuwo?

ALHAJI: Kafin la'asar zan fitar miki da taɓarya sabuwa fil, mai santsi kamar kwalba, wadda babu irinta a duk unguwar Bukoki, ki huta da aron ta maƙwabta.

Ana cikin haka Malam Idi ya yi sallama. Shekararsa 30 yana tsaye gaban tur a Katako, kuma yatsunsa goma cif suna nan, abin da a wannan sana'a ya fi kowace takardar shaida daraja.

MALAM IDI: Ranka ya daɗe, na ji labari na ce bari in zo in yi murna. Sai dai kafin a kunna, a taimaka a tuɓe babbar riga, domin abin da ke juyawa ba ya sanin mai girma, hannun riga kuwa shi ne abincinsa na farko.

ALHAJI: Malam Idi, shekara 32 na yi a ofishin gwamnati ban taɓa sa hannu a takarda ba tare da babbar riga ba. Yau kuma a gidana, a gaban iyalina, kake so in tsaya da singileti kamar mai dakon siminti?

MALAM IDI: Allah ya huci zuciyarka. To, wannan gungumen kiryar fa, na ga ɗanye ne, idan ya bushe zai tsage. Ga shi kuma ya fi injin tsawo, tunda tsakanin tsinin gaba da na baya bai wuce mita ɗaya ba.

ALHAJI: Dama taɓaryar zamani gajera ce, doguwa tana kawo ciwon kafaɗa. Auta, kawo zarto.

Aka datse kirya, aka ɗaura ta tsakanin tsini biyu. Malam Idi ya roƙa a mayar da bel kan ƙaramin gudu, yana mai cewa itace mai kauri wanda bai daidaita ba ana fara shi ne da juyi kamar 500 a minti, sai ya yi mulmul sannan a ƙara. Alhaji ya amsa da cewa ya kwana uku yana kallon Turawa suna wannan aiki a wayarsa, kuma bai ga wanda ya tsaya jan ƙafa ba, don haka ya ɗora bel a kan gudun ƙarshe. (Ba wanda ya gaya masa cewa masu ɗaukar irin wannan hoto suna yanke wurin da suka yi ɓarna.) Yana kunnawa injin ya kama rawa yana tafiya da ƙafafunsa, har ya doshi ƙofar zaure kamar mai niyyar komawa Katako.

AUTA: Baba, injin yana gudu!

ALHAJI: Ba gudu yake ba, yana neman mazauninsa ne. Ku riƙe shi.

MALAM IDI: Ranka ya daɗe, a ɗora kurfi a kan madogararsa tukuna kafin ya taɓa itace, kuma a matso da madogarar kusa, kada a bar rata.

ALHAJI: Mai rauni ne ke neman madogara.

Kurfi ya cafki kirya da wata ƙara, ya ɓantaro gutsure kamar tafin hannu, gutsuren ya bi ta kan hular Malam Idi ya faɗa cikin tukunyar miya. Alhaji ya kashe injin, ya daɗe yana duban ramin da ya bari, yana gyaɗa kai irin na likitan da ya gano cuta.

ALHAJI: Na lura kaurin nan ya yi wa Hajiya yawa. Zan rage shi har ramin ya ɓace.

Ramin ya ɓace, wani ya fito a ƙasansa. Shi ma aka bi shi. Sassaƙe ya taru har idon sawu, kirya kuwa tana ta ramewa kamar sa a ƙarshen rani.

HAJIYA: Alhaji, wannan ce taɓaryar? Ko ƙwayar gero ɗaya ta gan ta ba za ta ji tsoro ba.

ALHAJI: Wa ya ce miki taɓarya? Tun farko muciya na nufa, ke ce ba ki saurara da kyau ba.

MALAM IDI: Idan muciya ce, ranka ya daɗe, a tsaya haka, domin itace idan ya sirance tsakiyarsa tana lanƙwasa tana karkarwa, kurfi kuma ba ya yanka daidai.

ALHAJI: Saura shafa ɗaya.

Shafa ɗayan nan ta mayar da muciya sandar maburgi, Alhaji ya ce ai miyar kuka ta fi tuwo bukatar kulawa. Shafa ta biyu ta karya maburgi gida biyu. Ya ɗauki guntun da ya fi tsini, ya ɗaga shi sama yana juyawa a hasken ƙofa.

ALHAJI: Ku duba da kyau. A duk Yamai wa ke da tsinken sakace na kirya?

HAJIYA: Babu, domin babu wanda ya taɓa sayen tsinke jika 300.

ALHAJI: Itace dama wasan yara ne, ƙarfe shi ne aikin manya. Auta, ɗauko mini sandar ƙarfen nan, zan fitar wa maƙwabcinmu mai babur da sabon ƙarfen ƙafa, in yanka masa murɗi a baki inda ake ɗaura noti.

MALAM IDI: Ranka ya daɗe, a gafarce ni, wannan tur na itace ne. Na ƙarfe yana da keken da ake ɗaure wuƙar a kansa, ana tura shi da mariƙi kaɗan kaɗan, ana zuba mai saboda zafi, kuma akwai doguwar sanda mai murɗi da ke jan keken idan za a yanka murɗi. A nan hannunka ne kaɗai zai riƙe wuƙa, ƙarfe kuwa ya fi hannu taurin kai.

ALHAJI: Bai san hannuna ba.

Ya ɗaura wa injin baki mai haƙora da ke riƙe abin da ake sassaƙawa, ya cusa ƙarfe, ya ɗaure da makulli, ya bar makullin a jiki, laifin da ake korar yaron shago a kansa tun ranar farko. Yana kunnawa makulli ya tashi kamar an harba shi da gwafa, ya fasa randar Hajiya. Alhaji ya juya domin ya bayyana cewa randar dama ta tsufa, hannun babbar riga ya sauka a kan ƙarfe, injin ya fara naɗe shadda yana jawo mai ita. Ya yi salati, Malam Idi ya yi tsalle wajen makunni, amma kafin ya kai sai aka ɗauke wuta.

Shiru ya sauka a zaure. Tunda aka kafa unguwar, wannan ne karo na farko da masu wuta suka yi abin da suka saba aka sa musu albarka, har Hajiya ta ce a kai musu goro, idan an same su a ofis.

ALHAJI: Na san lokacin ɗaukewarsu, da shi na yi lissafi. Auta, kawo almakashi, dama hannun rigar nan ya yi mini tsawo.

Washegari da sassafe aka ga Auta ya fito daga wajen Katako da wani dogon abu naɗe cikin buhu, yana bin bayan gidaje. Da hantsi Alhaji ya kira Hajiya zaure, yana tsaye kusa da injin cikin riga mai hannu ɗaya da rabi.

ALHAJI: Ga taɓaryarki. Da dare na yi ta, lokacin da babu masu surutu a kaina.

HAJIYA: Sannu da aiki, Alhaji, ga shi kuwa har yanzu ba a maido da wutar ba. Ta kuma fi injin tsawo, ga sawun gizago a jikinta tun daga sama har ƙasa.

ALHAJI: Fitar da sawun gizago a kan tur shi ne ƙarshen gwaninta. Ki tambayi Malam Idi ko ya taɓa iyawa.

MALAM IDI: Wallahi ban taɓa ba, ranka ya daɗe.