Barcin mutanen birni ma yana buƙatar kariyar doka

Masu iya magana sun ce dare mahutar bawa. A manyan biranen yau, wannan hutu sai mai rabo. Rana za ta faɗi amma duhu ba zai shigo ba, saboda fitilun titi da allunan talla da benayen ofisoshin da babu kowa a ciki sun haske ko'ina. Ƙafa za ta ɗauke amma shiru ba zai samu ba: ga manyan motoci, ga babura masu fasasshiyar salansa, ga lasifika, ga injinan masu gini. A ganina lokaci ya yi da hukumomin birane za su daina ɗaukar wannan a matsayin ƙorafin masu son jiki, su sa masa doka kamar yadda suke sa wa hayaƙi da shara. Sai dai ba kowace doka ce za ta yi aiki ba. Wadda za ta yi ita ce mai faɗin lokaci da ma'auni ƙarara, wadda kuma hukuma za ta fara ɗora wa kanta.

Illar ƙara ta fi fitowa fili. Mutum na iya runtse ido, amma kunne ba shi da murfi. Ko yana barci, ƙwaƙwalwarsa na jin wucewar mota, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya ɗan hau, jiki ya saki sinadaran fargaba, duk ba tare da ya farka ba. Da safe zai ce ai ya saba, alhali jikinsa bai saba ba. A rahotonta na 2020, Hukumar Muhalli ta Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa daɗewa cikin ƙara na janyo mutuwar mutum kusan 12,000 kafin tsufa ya cim musu a duk shekara a nahiyar, da sababbin masu ciwon zuciya 48,000, yayin da mutum miliyan 6.5 ke fama da matsananciyar matsalar barci. Wannan fa a yankin da ake aunawa ne, ake kuma da dokoki.

A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada matsakaiciyar ƙarar motoci ta wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 53, da dare kuma kada ta wuce 45. Lissafin desibel yana da ruɗi ga wanda bai san shi ba. Ƙarin desibel 10 na nufin ƙarfin sautin ya ninka sau goma, kunne kuma ya ji kamar ya ninka biyu. Don haka tazarar da ke tsakanin 45 da 65 ba ƙarama ba ce: ninki ɗari ne.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan fage shi ne binciken da Arline Bronzaft ta wallafa a 1975 kan wata makarantar firamare a birnin New York, wadda layin dogo ya ratsa ta gefenta. Yaran da azuzuwansu ke fuskantar jirgin sun kasance a baya wajen karatu, har 'yan aji shida suka yi ƙasa da takwarorinsu na ɗaya ɓangaren da kusan shekara guda. Gini ɗaya, unguwa ɗaya, bambancin kawai taga. Bayan an shimfiɗa roba a ƙarƙashin dogon, aka kuma gyara rufin azuzuwan da abin da ke shanye sauti, sai tazarar ta ɓace. Waɗannan yara ba su rasa basira ba, malaminsu ne ke yin shiru duk lokacin da jirgi ya zo wucewa.

Shi kuwa haske, sha'aninsa ya fi wuyar bayani, domin mun taso muna ganinsa a matsayin alamar ci gaba. Gaskiya ne, kuma har yanzu akwai ɗaruruwan miliyoyin mutane a duniya da ba su da lantarki kwata-kwata. Babu mai hankalin da zai ce a mayar da gari duhu. Maganar ita ce hasken da ke tafiya inda ba a aike shi ba: sama, ko tagar ɗakin barcin maƙwabci. Taswirar hasken dare ta duniya da masana suka fitar a 2016 ta nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen duniya na rayuwa ƙarƙashin sararin da hasken lantarki ya dusashe, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ke ratsa sama. Wani binciken da mujallar Science ta buga a 2023 ya gano cewa hasken sararin dare ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 duk shekara daga 2011 zuwa 2022. Fitilun LED, da ba su cin wuta sosai, sun taimaka wajen haka, domin da haske ya yi araha sai kowa ya ƙara.

Jikin ɗan Adam yana gane dare ne da duhu. Idan duhu ya yi, sai ya saki sinadarin melatonin da ke shirya shi barci, kuma farin haske mai shuɗi-shuɗi shi ya fi danne wannan sinadari. Abin da ya sa ke nan Ƙungiyar Likitocin Amurka ta shawarci birane a 2016 su zaɓi fitilun titi masu ɗan ja-ja-ja maimakon farare fat. Sauran halittu ma na ɗanɗana kuɗarsu. A dare ɗaya cikin Oktoban 2023, tsuntsaye masu ƙaura kusan 1,000 suka mutu bayan sun yi karo da gilasan ginin McCormick Place a Chicago.

Hujja mafi ƙarfi ta masu adawa ita ce tsaro, kuma ban yarda a yi watsi da ita ba. Macen da ke dawowa daga aikin dare tana da cikakken haƙƙin ganin gabanta. Wani gwaji da aka yi a rukunin gidajen gwamnati na New York ya nuna ƙara fitilu ya rage manyan laifukan dare a waje da kusan kashi 36 cikin 100. A ɗaya gefen, binciken 2015 a ƙananan hukumomi 62 na Ingila da Wales bai ga shaidar cewa rage hasken titi ko kashe shi a tsakar dare ya ƙara laifi ko haɗarin mota ba. Ni ban ga saɓani tsakanin biyun ba. Lungu mai duhu da ke da tarihin laifi yana buƙatar fitila. Saman bene mai hawa talatin da ƙarfe uku na dare ba ya buƙata. Fitilar da aka sa wa hula ta zuba haskenta ƙasa ta fi amfani ga mai tafiya a kan wadda ke kashe masa ido, ta bar gefensa baƙi ƙirin.

Biranen da suka ci nasara ba haramta haske suka yi ba, iyaka suka sa masa. Birnin Flagstaff a jihar Arizona ta Amurka ya fara tun 1958, lokacin da ya hana 'yan kasuwa harba manyan fitilun talla sama don kare cibiyar nazarin taurari ta Lowell, inda aka gano duniyar Pluto a 1930. Faransa ta zo da dokar da kowa zai iya haddacewa: tun 2013, a kashe fitilun ofis awa ɗaya bayan fitar ma'aikaci na ƙarshe, a kashe na gaban kantuna da ƙarfe 1 na dare. A 2022 ta faɗaɗa dokar kashe allunan talla zuwa duk faɗin ƙasar, daga ƙarfe 1 zuwa 6 na safe. Filin jirgin saman Frankfurt na Jamus, duk da girmansa, ba ya barin jiragen da aka tsara su tashi ko sauka daga ƙarfe 11 na dare zuwa 5 na asuba tun 2011.

Rubuta doka ba shi ne wahala ba. Kotun Ƙolin Indiya ta hana amfani da lasifika a fili daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe tun 2005, amma har yau kotunan ƙasar na karɓar ƙorafin rashin aiwatarwa. Dokar da ta ce kawai "kada a dami jama'a" ta bar hukunci a hannun jami'i, kuma an san wanda zai sha tara da wanda za a ɗauke wa kai. Shi ya sa nake goyon bayan na'ura. Paris ta fara gwada na'urorin da ke gano motar da ƙararta ta wuce ƙima a 2022, New York kuma na da kyamarori masu ɗaukar lambar motar da ƙararta ta haura desibel 85, tara ta fara daga dala 800. Na'ura ba ta san mai uwa a gindin murhu ba. Haka kuma ma'auni ɗaya ya kamata ya hau kan gidan rawa da taron siyasa da wurin ibada da kamfanin gini, domin da zarar an ware wani, sauran za su ga bi-ta-da-ƙulli ake musu.

Akwai kuma batun adalci. Mai hali yana sayen shiru da kuɗinsa: ya koma unguwar da ke nesa da babbar hanya, ya sa taga mai gilashi biyu da labule mai kauri. Wanda ke kwana a bakin titi ko kusa da tashar jirgi ba shi da wannan zaɓi. Doka ce kaɗai za ta tsaya masa.

Kada dai mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Fitilun titi na hukuma ne, motocin kwasar shara nata ne, ita ke ba 'yan kwangila izinin aikin dare, ita ke ƙayyade gudun mota, wanda rage shi kaɗai ke rage ƙara. Birnin Tucson na jihar Arizona ya sauya fitilun titi kusan 18,000 zuwa LED da ake iya rage wa ƙarfi, yana kuma dusashe su bayan tsakar dare, sai hasken da ke tashi sama daga birnin ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100. Da masana suka sake aunawa da tauraron ɗan Adam, sai suka ga kason fitilun titi bai kai kashi 20 cikin 100 na hasken da ake hangowa daga sama ba. Ragowar na fitowa ne daga allunan talla, filayen ajiye motoci, filayen wasa da jikin gine-gine, kuma waɗannan ba makunnin hukuma ke kashe su ba, sai an rubuta wa masu su ƙarfe nawa za su kashe.