Malamin Tarihi Ma Yana Buƙatar Wanda Zai Koya Masa

Jama'a, mun yi murna da aka dawo da darasin Tarihi makarantunmu, amma wa zai koyar da shi? Tun zangon karatu na 2009/2010 aka cire shi daga firamare da ƙaramar sakandare. Yawancin matasan malamanmu na yau a wancan lokacin suka yi karatu. Yanzu an miƙa musu alli an ce su koyar da abin da ba a koya musu ba.

A Nuwambar 2022 gwamnatin tarayya ta ce ta zaɓi malamai 3,700 domin horo, 100 daga kowace jiha da Abuja. Madalla. Sai dai malamai 100 a jiha kamar Kano, ai ɗigon ruwa ne a bakin mai ƙishi.

Irin horon ma shi ya fi damuna. Bitar da muka saba, a tara mutane a zaure kwana biyu, wani ya karanta takarda, a sa hannu a karɓi alawus, a watse. Malam ya koma aji ya cika allo da rubutu: 1804 jihadi, 1903 zuwan Turawa, 1914 haɗe Kudu da Arewa. Yara su kwafa, su haddace, bayan jarrabawa su manta.

Don Allah a fitar da malaman nan waje. A kai su Gidan Makama, su hau Dala, su tsaya a karofin Ƙofar Mata su yi hira da marina. A Kaduna a buɗe musu tsofaffin takardun Arewa House su taɓa da hannunsu. Malamin da ya karanta yadda Sarkin Musulmi Attahiru ya bar Sakkwato har aka kashe shi a Burmi, zai iya tambayar yara: ku da kuna nan, za ku bi shi ko za ku zauna? Nan take ajin zai kaure da gardama, kuma wallahi wannan gardamar ita ce karatun.

Akwai kuma wuraren da malamai ke tsallakewa don tsoro, kamar yaƙin basasa da cinikin bayi. Ba na ganin laifinsu, ba wanda ya nuna musu yadda ake maganar a ajin da ke da ɗan kowace ƙabila. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa tana nan Kaduna. Ya kamata ta fara daga nan, kuma bayan horon a riƙa bin malam har ajinsa ana ganin yadda yake yi.