Ka Ci Bashi Ka Buɗe Shago, Ka Bar wa Yaron da Ba Ka Koya wa Komai Ba

Jiya bayan la'asar na tsaya sayen sukari a wani shagon kayan masarufi a unguwarmu, sai na tarar mai shago ya shaƙe wuyan rigar yaronsa yana zabga masa mari. Wani ne ya ɗauki katan biyu na taliya da jarkar mai, ya nuna hoton alat a waya, yaro ya ɗora masa kaya a babur. Kuɗi ba su shigo ba. Na tambayi yaron ko an taɓa nuna masa yadda ake tabbatar da shigar kuɗi. Ya girgiza kai yana share hawaye. Kwanansa tara da zuwa daga ƙauye.

'Yan'uwana matasa, wallahi marin nan mai shago ya dace da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma tiransfa, kowane lungu akwai na'urar Moniepoint ko OPay. Bashi ma ya zo kusa, daga TraderMoni, bashin naira dubu goma da gwamnatin tarayya ta ba ƙananan 'yan kasuwa a 2018, zuwa bankin Jaiz marar kuɗin ruwa. Amma kai da ka karɓo, ka cika kanta da kaya, ka ba yaro makulli ka tafi majalisa! Bai san rubuta bashi a littafi ba, bai san ware uwar kuɗi daga riba ba, bai san karɓar mai saye da fara'a ba. Kai kuma kana can kana cacar ƙwallo a waya, wata masifar da ta cinye jarin samari da yawa. Ranar biyan bashi ta zo, ka ce an yi maka sammu. Wane sammu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai ko taɓa shi ba ka yi ba.

Ku ji tsoron Allah, ku zauna da yaran nan ku koya musu.

Iyayenmu na Kantin Kwari, kasuwar atamfa ta Kano, ba haka suka yi ba. Yaro zai shekara yana shara da ninke atamfa kafin ya taɓa aljihun tebur, ubangida na zaune a gefensa yana gyara masa lissafi da magana, har ranar da zai yaye shi da jari da albarka. Yau wa ke da wannan haƙurin? Da na wuce bayan isha'i, yaron na zaune a bakin shagon shi kaɗai, makullin na hannunsa.