Ƙaramar alkemila ta fi babbar dacewa da lambun duwatsu

Shekarata ta farko a Sukotland na kashe tsiro uku da hannuna, kuma da niyyar alheri na kashe su. Mu da muka tashi a ƙasar rana, abin da muka sani shi ne ƙishirwa ke kashe shuka, don haka a ba ta ruwa safe da yamma, a tula mata taki. Haka na yi wa ƙaramar alkemila da na dasa tsakanin duwatsun bayan gida. Da sanyi ya shigo, ruwa ya kwanta a gindinta, saiwar ta ruɓe. Ashe a nan laima ce abar tsoro, ba fari ba.

Alkemila dangin wardi ce, kodayake in ka ga furenta, 'yan mitsi-mitsi masu ruwan ɗorawa da ratsin kore, ba za ka yarda ba. Ganyen ne abin kallo. Yana da gashi mai laushi wanda ba ya barin ruwa ya jiƙa shi, sai ka fito da sassafe ka tarar da ɗigo-ɗigo a bakin kowane ganye suna ƙyalli kamar zaiba. Wani raɓa ce, wani kuwa tsiron ne da kansa ya fitar cikin dare. Ana danganta sunan da alkimiya, wai masu neman mayar da ƙarfe zinariya a zamanin da sukan tara wannan ruwa.

Inda na saɓa da maƙwabtana shi ne wacce za a shuka. Kusan kowa a layinmu babbar yake da ita, Alchemilla mollis, kuma na san dalili: nan da nan take cika wuri. Amma tana kai rabin mita, in ruwan sama ya dake ta sai ta kwanta a kan duwatsun ta rufe su ruf. To, in za a binne dutsen, me ya sa aka sha wahalar jera shi? Ga kuma barbaza iri. Ba ta ma jiran ƙudan zuma kafin ta yi 'ya'ya, shi ya sa in ka bar furen ya bushe, baɗi har a tsagar daɓen ƙofa za ka same ta. Wata dattijuwa maƙwabciyata takan durƙusa da tsohuwar wuƙa tana tono su ɗaya-ɗaya, tana mita, amma ko kusa ba ta yarda a taɓa uwar.

Ƙaramar, Alchemilla erythropoda, 'yar tsaunukan gabashin Turai ce, tsayinta bai cika wuce santimita 20 ba. Sunan a Girkanci yana nufin mai jar ƙafa, don karan tsiron yakan yi ja-ja. Tana zama cunkus inda aka ajiye ta, ta bi gefen dutse ta lulluɓe ƙasa, ta hana ciyawa fitowa, dutsen kuma yana nan ana ganinsa. Laifinta ɗaya, jinkirin girma. Ba ta yaɗo, don haka wanda ke son ya ga shimfiɗa kore a shekara guda zai yi fushi da ita.

Da na sake gwadawa, tsakuwa na cakuɗa da ƙasar, na bar tazarar kamar santimita 30 tsakaninsu, na hana kaina ɗaukar buhun taki. Fure na ƙarewa nake aske shi, sabon ganye ya fito. Da bazara ta uku na tono biyu na raba saiwarsu, suka zama shida. Butar ban ruwa kuwa tana rataye a rumfa, sai an yi makonni sama ba ta zubo ba nake sauke ta, kuma har yau hannuna yakan kai gare ta da yamma.