Wanda zai fara sauraren opera, Donizetti ya fi masa Verdi

Idan baƙo ya tambayi mutumin Italiya da wace opera ya kamata ya fara, amsar da zai samu kusan kullum ita ce ayyukan Verdi, ko La traviata, ko Rigoletto, ko Aida. Ina zaune a yankin Lombardiya, ba nisa da birnin Bergamo, kuma zaman da na yi ina shiga gidajen wasan wannan yanki ya kai ni ga ra'ayin da ya saɓa wa wannan amsa. Ba na musun cewa Giuseppe Verdi ya fi zurfi da ƙarfi. Amma ga Bahaushen da bai taɓa zama ya kalli wasan kwaikwayon da ake rera maganganunsa da rakiyar makaɗa masu yawa ba, ina ganin Gaetano Donizetti ya fi dacewa, kuma dalilin dacewar tasa shi ne abin da masu sukarsa suka daɗe suna ɗauka a matsayin aibinsa, wato yawan aiki da saurin gamawa.

An haifi Donizetti a Bergamo a ƙarshen watan Nuwamba na 1797, a gidan talakawa da ke unguwar Borgo Canale, bayan ganuwar tsohon gari. Wani Bajamushe mai tsara kiɗa, Simon Mayr, wanda ya buɗe makarantar kiɗa ta kyauta a garin, shi ya ɗauke shi yana yaro, ya koyar da shi, sannan ya tura shi Bologna ya ƙaro sani. An fara nuna operarsa a Venice a 1818, ta ƙarshe da ya gani a dandamali da cikakken hankalinsa kuwa ta fito a 1843. A cikin waɗannan shekaru 25 ya tsara opera kusan 70, wato kusan uku a kowace shekara. Verdi kuwa, daga 1839 zuwa 1893, bai kai 30 ba.

Wannan yawa ba daga gaggawar banza ya fito ba, yanayin sana'ar ne a lokacin. A Italiya ta wancan zamani opera kasuwa ce: mai gidan wasa yana ɗaukar mawaƙa na kaka guda, ya ƙulla yarjejeniya da mai tsara kiɗa cewa zai kawo sabon aiki a rana kaza, jama'ar gari kuma su biya kuɗi su shigo, idan abin bai yi musu ba su yi ihu a wurin. Donizetti ya yi shekaru masu yawa a Napoli yana aiki da Domenico Barbaja, babban dillalin gidajen wasan birnin, kuma sai da ya tsara opera kusan 30 kafin Anna Bolena ta fito a Milan a 1830 ta kai sunansa Faris da Landan. Mutumin da ya yi irin wannan doguwar koyo a gaban masu kallon da ba sa yafiya ya san lokacin da hankalin jama'a ke fara gushewa, ya kuma san abin da zai dawo da shi. Lokaci ma ya ba shi fili: Rossini ya daina tsara opera a 1829, Bellini ya rasu a 1835, Verdi bai yi suna ba sai da Nabucco a 1842, saboda haka a tsakanin nan babu wanda ya kai shi cika gidajen wasa. Da ya koma Faris, Hector Berlioz, mai tsara kiɗa ɗan Faransa, ya rubuta ƙorafin cewa mutum ɗaya ya mamaye musu gidajen opera na birnin.

A nan nake ganin kunnen Bahaushe ya fi na masanan Turai adalci. Mu ba mu taɓa raina makaɗi don waƙoƙinsa sun yi yawa ba. Manyan makaɗan bakanmu sun yi wa sarakuna da attajirai da manoma waƙa a kan buƙata, wani lokaci a tsaye a wurin biki, kuma yawan waƙoƙin mutum shaida ce a wurinmu cewa rijiyarsa ba ta ƙafewa. Muna zaɓar waɗanda suka fi daɗi mu riƙe, sauran mu bar su, ba tare da mun zargi mai su ba. Turawa kuwa, tun daga ƙarni na 19, sun ɗaukaka siffar gwanin da ke shekaru yana fama da aiki guda, har suka riƙa kallon wanda ya gama cikin makonni kamar ɗan kwangila. Sai dai akwai inda kunnen namu zai sha wuya, kuma gara a faɗa tun farko. Mu masu bin kalma ne a waƙa: muna jiran azanci da kirari da habaici, kiɗan kuma yana yi wa magana hidima. A irin operar Donizetti, wadda Italiyawa ke kira bel canto, muryar ce sarauniya. Mawaƙiya na iya maimaita jimla guda sau da yawa, tana hawa da sauka a kan wasali ɗaya, domin abin da ake so a ji shi ne yadda numfashi da sauti ke ɗaukar baƙin ciki ko murna. Wanda ya shiga yana neman hikimar baiti zai fito yana cewa ba a faɗi komai ba.

Abin da ke sauƙaƙa wannan sauyin kunne shi ne Donizetti yana bin tsarin da mai sauraro zai gane cikin dare ɗaya. Jarumi ko jaruma za ta fito, a yi 'yar magana mai kama da zance don labari ya matsa, sai a shiga waƙa mai tafiya a hankali inda take bayyana abin da ke zuciyarta. Daga nan wani ya shigo da labari, ko wasiƙa, ko 'yan amshi su kawo wata sanarwa, sai yanayi ya juya a shiga waƙa mai sauri da ƙawa wadda ke rufe fitowar. A tsakiyar wasan kuma akwai wurin da dukan manyan 'yan wasa ke haɗuwa a dandamali, kowa na rera nasa tunanin a lokaci guda. Da zarar mutum ya kama wannan tsari, ya daina ɓata, sai ya koma lura da yadda kowane mawaƙi ke cika shi. Verdi ya gaji wannan tsari ne, ya yi ta matsa shi yana karya shi har ya kusa narkar da shi a ayyukansa na ƙarshe, kuma ba a jin daɗin karya ƙa'ida sai an san ƙa'idar.

Shawarata ita ce a fara da L'elisir d'amore, wato maganin soyayya, wadda aka fara nunawa a Milan a watan Mayu na 1832, Felice Romani ya rubuta baitocinta, Donizetti kuma ya gama kiɗanta cikin 'yan makonni. Labarin ƙauye ne. Nemorino, saurayi talaka marar wayo, yana son Adina, mai gona da ilimi, ita kuwa tana ja masa rai, har ta amince za ta auri wani sajan mai fankama, Belcore, don ta ƙona masa zuciya. Sai ga Dulcamara ya iso garin da kayansa, yana shelar maganin da ke warkar da ciwon haƙori da shanyewar jiki da tsufa, har da kashe ɓeraye. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ko kasuwar ƙauye ya ji mai tallar magani da lasifika yana jera cututtukan da kwalba guda ke kawarwa, ya riga ya san wannan mutum. Ya sayar wa Nemorino kwalbar giyar Bordeaux a matsayin maganin farin jini, ya ce sai bayan kwana guda zai yi aiki, lokacin da shi ya riga ya bar gari. Da kuɗin saurayin suka ƙare, sai ya sa hannu ya shiga soja don ya sami na kwalba ta biyu. Ana cikin haka kawunsa mai dukiya ya rasu ya bar masa gado, 'yan matan gari suka ji kafin shi, suka yi masa caa, shi da mai maganin duka suka gaskata cewa maganin ne ya ci.

Abin da ya sa wannan wasa ya wuce raha kawai shi ne waƙar da ke zuwa kusa da ƙarshe, Una furtiva lagrima, inda Nemorino ya hango hawaye a idon Adina ya gane cewa tana sonsa. Wani abin busa mai kaurin sauti ne ke buɗe ta a hankali, dariya ta tsaya, kuma mutumin da aka yi ta yi wa kallon wawa ya zama shi ne mai zuciyar gaskiya a duk garin. Wasan kashi biyu ne, bai wuce sa'o'i biyu da kaɗan ba, babu wanda ya mutu a dandamali, kuma ko ba a karanta fassarar da gidajen wasa na yanzu ke haskawa a saman dandamali ba, ana iya bin labarin da ido. Verdi ba shi da irin wannan ƙofa. Wasan barkwancinsa biyu ne kacal: na farko ya faɗi warwas a 1840, na biyu kuma, Falstaff, aikin tsufansa ne mai sarƙaƙiya da ba ya tsayawa a kan waƙa guda har baƙo ya riƙe ta.

Bayan wannan sai Don Pasquale, wadda aka fara a Faris a watan Janairu na 1843. Tsohon tuzuru ne mai kuɗi ya ƙudura zai yi aure don ya hana ɗan ɗan'uwansa Ernesto gado, sai likitansa ya haɗa masa auren bogi da Norina, budurwar Ernesto ɗin, wadda ta shigo kamar ba ta iya ɗaga ido ba, ana sa hannu a takarda ta juye ta fara facaka da dukiyarsa. Akwai wurin da ta kwaɗa masa mari, kuma a nan kiɗan ya sauya ya koma tausayin tsohon, har ita kanta ta ji ta wuce gona da iri. Ina ganin wannan ɗan lokaci ya isa amsa ga mai cewa Donizetti ba ya tunani a kan abin da yake rubutawa.

Sai a na uku nake ba da shawarar Lucia di Lammermoor, ko da yake ita ce mafi shahara. An fara ta a gidan San Carlo na Napoli a watan Satumba na 1835, Salvadore Cammarano ya ɗauko labarin daga littafin marubuci Walter Scott, labarin kuma a Sikotland yake faruwa. Auren dole ne: Enrico, wanda arzikin gidansu ya karye, ya tilasta wa ƙanwarsa Lucia auren Arturo, bayan ya nuna mata wasiƙar ƙarya cewa masoyinta Edgardo, abokin gabar gidansu, ya ci amanarta. Tana gama sa hannu Edgardo ya faɗo wurin bikin, kuma a nan muryoyi shida ke haɗuwa a waƙar da ta fi kowace shahara a irinta. A daren auren Lucia ta kashe angon, ta fito gaban baƙi hankalinta ya gushe, tana rera doguwar waƙa tana zaton Edgardo take aura. Donizetti ya so a raka ta da wani kayan kiɗa na gilashi mai sauti kamar daga nesa, amma aka koma ga sarewa, wasu gidajen wasa na yau sun dawo da gilashin. Dalilin da ya sa ban sa ta farko ba shi ne wannan fitowa ta dogara kacokan ga ƙwarewar mawaƙiya. A bakin wadda ta iya, kamar yadda Joan Sutherland ta yi a Landan a 1959, abin yana sa tsigar jiki tashi. A bakin wadda ba ta kai ba, baƙo zai ji kamar gwajin murya ake yi, ya yanke hukunci a kan opera gaba ɗaya.

Wasanninsa a kan sarauniyoyin Ingila, Anna Bolena da Maria Stuarda da Roberto Devereux, a bar su sai kunne ya nuna. Suna da tsawo, suna buƙatar sanin tarihin gidan sarautar Tudor, kuma sun daɗe a kwance kafin mawaƙiya Maria Callas ta farfaɗo da Anna Bolena a gidan opera na La Scala da ke Milan a 1957. Maria Stuarda tana da fitowar da Maryamu ta Sikotland ta kira Sarauniya Elizabeth shegiya a gaban fadawa, haɗuwar da ba ta taɓa faruwa a tarihi ba, kuma Sarkin Napoli ya hana nuna wasan a 1834. Irin wannan takurawar masu tace wasanni, da hana operarsa Poliuto a 1838, da rasuwar matarsa Virginia a 1837 bayan 'ya'yansu uku duk sun mutu, suna cikin abin da ya sa ya bar Napoli. Bai daɗe yana cin moriyar ɗaukakar Faris da Biyana, babban birnin Ostiriya, ba, domin ciwon tunjere ya taɓa masa ƙwaƙwalwa, aka tsare shi a gidan jinya kusa da Faris a 1846, aka dawo da shi Bergamo, ya rasu a watan Afrilu na 1848.

Dole in yarda da masu suka a abu guda: cikin opera kusan 70 akwai da yawa da tsarin ya fi ruhin yawa, inda mutum ke jin mai aikin yana cika alkawari ne kawai. Bikin da Bergamo ke yi masa a kowane Nuwamba yakan tono irin waɗannan da aka manta, kuma wannan aikin masana ne da masoyan da suka riga suka kamu, ba na mai farawa ba. Mai farawa ya riƙe ukun nan bisa jerin da na kawo, ya karanta taƙaitaccen labarin kowanne kafin ya zauna, ya fi son kallo a kan saurare kawai, ko a gidan wasa ko a bidiyo mai fassara a intanet. Idan ya gama da Lucia sai ya wuce zuwa Il trovatore ta Verdi, ta 1853, wadda Cammarano ɗin nan ne ya rubuta mafi yawan baitocinta, zai ji tsarin da ya saba da shi, amma da zafi da nauyin da Donizetti bai cika kaiwa gare su ba.